Manomin da Ya Ce Ya Ƙoshi

Akwai wani manomi a wani ƙauye na kan tudu, inda babban ruwan da mutane suka sani shi ne tafkin bayan gari, shi ma yakan ƙafe tun bazara ba ta yi nisa ba. Mutumin nan ba shi da dukiya, amma Allah ya ba shi hannun shuka. In ya sa iri, ko cikin tsakuwa ne sai ya tsiro. Dogo ne, mai yawan kunya. In yana tafiya kafaɗarsa ɗaya takan ɗan karkace, saboda ɗaukar tulun ban-ruwa tun yana ƙarami. Ba ya ɗaga murya. In abu ya ba shi dariya sai ya rufe baki da bayan hannu, kamar dariyar aro ya yi, yana tsoron mai ita ya gani.

Wata ranar Lahadi aka yi shela a majami'a. Aka ce akwai wata ƙasa a hayin teku, ƙasar masunta, inda talauci ya danne mutane, gidan yari kuma ya cika da magidanta. Ana neman masu aikin sa kai, waɗanda za su je ba don lada ba, su koya wa fursunoni sana'a, su kuma tallafi mata da 'ya'yan da aka bari a waje. Manomin ya ga kansa a tsaye tun bai gama tunani ba.

Da ya koma gida ya tarar da tsohuwarsa tana tsince wake. Ya gaya mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Talakawan garin nan ƙarewa suka yi, har sai ka haye ruwa ka nemo wasu?"

Ya ce, "Inna, ni ma ban san yadda zan faɗa ba. An yi kira, sai na ji kamar da ni ake."

Ta ce, "Kai da ko tafki ba ka shiga sai ka riƙe ciyawar baki." Ta ci gaba da jefa wake cikin ƙwarya. Can ta ce, "To, je ka. Amma ka riƙe mutuncinka a ƙasar mutane. Kada in ji an ce ɗana ya je yana cinye abincin marasa shi."

Ya ƙulle irin kuɓewa da na yakuwa da na albasa a tsumma, ya tafi.

Ƙasar da ya sauka ba ta yi kama da kome da ya sani ba. Iska tana warin gishiri da hayaƙin kifi. Ruwa kuma ba ya yin shiru, yana zuwa yana komawa kamar mai neman abin da ya ɓatar. Harshen mutanen ya gagare shi. Ya yi ta fama, iyakar abin da ya zauna masa shi ne yadda ake cewa sannu, da ruwa, da na gode, da na ƙoshi. Mutum ɗaya ce a garin ke jin Hausa, wata tsohuwa mai suna Bilhatu, wadda wani matuƙin jirgi ya auro daga wajenmu tun tana budurwa. Mijin ya mutu, ita ta zauna tana suyar ƙosai a bakin tashar jiragen ruwa. Manomin yana ce mata Gwaggo, ita kuma tana ce masa Ɗan Tudu.

Da safe yakan shiga gidan yari. Ganduroba ya buɗe masa, ya wuce bayan gini inda aka ba shi fili, ya yi ta yanka fangali yana nuna wa fursunoni da hannu. A cikinsu akwai wani masunci, gajere, mai faɗin ƙirji. A shekarar yunwa suka yi faɗa da maƙwabcinsa a kan wurin kafa taru, ya buga masa sandar tuƙin jirgi, hannun mutumin ya karye bai ƙara miƙewa ba. Laifin da ya kawo shi gidan yari ke nan. Da fari ba ya taɓa fartanya. Yakan jingina da bango yana kallon manomin kamar yadda ake kallon mahaukaci mai tsabta. Sai wata rana igiyar guga ta tsinke, manomin ya ƙulla ta kwance, ya sake ƙullawa ta sake kwancewa. Masuncin ya yi tsaki, ya taso, ya fizge igiyar, ya yi mata wani ƙulli irin nasu na ruwa. Daga nan bai koma jikin bango ba. Suka riƙa aiki kafaɗa da kafaɗa, babu mai jin maganar wani. Ranar da kuɓewar masuncin ta yi fure, ya tsuguna a gabanta ya daɗe, har ganduroba ya buga ƙarfe bai ji ba.

Da rana kuma manomin yakan bi gidajen iyalan fursunoni. Gidan masuncin yana can ƙarshen gari. Matarsa tana bandar kifi, amma ba mai saye a hannunta. Jinka tana yoyo, yaran sun rame. Manomin ya gyara jinkar, ya yi musu ɗan lambu a bayan ɗaki. Abu ɗaya ya ɗaure masa kai. Duk wunin da zai yi yana aiki, matar ba ta taɓa miƙa masa ko moɗar ruwa ba. Takan tsaya daga nesa, ta haɗa hannuwa a ƙirji, idonta ya cika. Ya ce a ransa, rashi ne, Allah sarki.

Ba rashi ba ne. Akwai wata al'ada a ƙasar, wadda ba wanda ya gaya masa, domin a wurinsu abu ne da ko yaye ya sani. Gidan da mai shi ke ɗaure ba ya ba baƙo ci ko sha. Ranar da aka sako shi kuwa, matarsa za ta dafa kifi da rogo, ya ɗauka a akushi ya fito ƙofar gida, gari ya taru. Zai miƙa wa mutum ɗaya, sau ɗaya. In mutumin ya sa hannu ya ci, to, ya tsaya masa ke nan, an mai da shi cikin mutane. In aka ƙi, har abincin ya huce, ba shi da gari kuma. Irin waɗannan akwai masu jiransu, wasu mutane masu babban kwalekwale da ke tare jirage a tsakiyar teku. Wanda ya bi su, ko dai ya dawo cikin sarƙa, ko kada ya dawo.

Ana nan, ranar sakin masuncin ta zo. Manomin ya sa rigarsa mai kyau, ya je, ya tsaya a bayan taro yana murna. Ya ga mutane sun yi tsit, ya ce watakila haka murnarsu take. Masuncin ya fito da akushi yana tururi. Ya dubi dangin ubansa, suka sunkuyar da kai. Ya dubi abokan kamun kifinsa, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Sai ya ratsa taron, ya zo gaban manomin, ya miƙa masa da hannu biyu.

Manomin kuwa yunwa yake ji, ƙamshin ya shiga masa har ƙoƙon kai. Amma ya dubi yaran nan ramammu a bakin ƙofa, ya tuna maganar tsohuwarsa. Kuma a garinsu wa ke kai hannu daga tayin farko? Sai an ce maka ci, ka ce a'a, a sake cewa don Allah, ka ce ai yanzu na tashi daga kan abinci, a kama hannunka a zaunar da kai, sa'an nan ka ɗan taɓa. Don haka ya dafa ƙirji, ya yi murmushi, ya faɗi kalmar nan da ya iya da harshensu, ya faɗe ta sarai yadda kowa zai ji.

Ya ce, "Na ƙoshi."

Ya tsaya yana jiran tayi na biyu.

Masuncin ya dube shi. Bai yi fushi ba. Ya juya, ya ajiye akushin a ƙasa a hankali kamar mai kwantar da jariri, ya shige ɗaki. Matar ta ja zane ta rufe fuska. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Manomin ya rage shi kaɗai, murmushin yana fuskarsa bai san inda zai kai shi ba. Ya ce sannu a bakin ƙofa, ba a amsa ba. Ya duba rigarsa ko wani abu ya ɓata ta. Ya ce ko gaisuwar ce ban yi daidai ba? Ko da hannun hagu na dafa ƙirji?

Ya nufi tasha wurin Gwaggo Bilhatu. Tana ganinsa ta ce, "Ɗan Tudu, yau ina aka kai ka, ka yi ado kamar angon da aka fasa? Wa ya ci akushin abokinka?"

Ya ce, "Gwaggo, ba wanda ya ci. Ni ya miƙa wa."

Ta ajiye cokalin suya. Ta ce, "Ya miƙa maka. Sai ka yi yaya?"

Ya ce, "Sai na ce na ƙoshi. Ina jira ya sake tayi, shi kuwa..."

Bai ƙarasa ba ta ɗauki muciya ta sauke masa a kafaɗa. Ta ce, "Fulako! Fulako ka ɗauko tun daga tudu ka haye teku da shi? Gidan surukanka ka zo? Kai, ni Bilhatu, da na sani da na bar ƙosan nan ya ƙone na bi ka."

Ya ce, "Yaran ne na duba, Gwaggo. Abincin bai da yawa."

Ta ce, "Yaran ka duba, ka raba su da ubansu." Ta bayyana masa al'adar tana haki. Ta nuna bakin ruwa da muciyar, ta ce, "Ka ga wancan baƙin kwalekwalen? Tun jiya suke nan. Ba kifi suka zo saye ba."

Manomin ya ruga. Ya tarar da akushin yana nan inda aka ajiye shi, ya huce, ƙudaje sun sauka. Ya sunkuce shi ya yi bakin teku. Kafin ya isa an riga an tura kwalekwalen, masuncin yana zaune a ciki ya ba gari baya. Mutane suna tsaye a kan rairayi suna kallo, matar tana can gefe da yaranta.

Manomin ya buɗe baki zai yi kira. Ya nemi kalmar da za ta ce ina jin yunwa, ya tarar bai taɓa koyonta ba. Ya nemi ba ni, babu. Ya nemi yafe mini, babu. Duk zamansa a ƙasar bai taɓa bukatar su ba, domin shi kullum mai bayarwa ne. Sai ya yi ta ƙwala abin da yake da shi, yana cewa sannu, sannu, na gode, yana cusa rogo mai sanyi a baki, yana shiga ruwa. Ruwa ya kai masa gwiwa. Ya kai masa ƙugu. Ya ɗaga akushin sama yana ci, ƙaya tana sukarsa a dasashi, hawaye da ruwan gishiri sun haɗu bai san wanne yake haɗiya ba. Yara suka fara dariya. Ɗaya daga mutanen kwalekwalen ya taɓa masuncin ya nuna masa. Ya waiwayo.

Daidai nan wani raƙumin ruwa ya taso ya rufe manomin.

Masuncin bai tsaya tuɓe riga ba. Ya faɗa ruwa, ya nutse, ya kamo shi ta wuyan riga, ya jawo shi har kan rairayi kamar buhun da ya jiƙe. Ya danna masa ciki ya amayar da ruwa da rogo. Kwalekwalen bai jira ba, irin waɗannan ba sa jiran kowa. Akushin ma ruwa ya tafi da shi.

Masuncin ya tsaya a kansa yana ta faɗa, yana nuna teku, yana nuna shi, jijiyar wuyansa ta tashi. Gwaggo Bilhatu ta iso tana ɗingishi. Manomin ya ce da ƙyar, "Gwaggo, me yake cewa?"

Ta ce, "Ya ce kai jaki ne."

"Sai me?"

"Ya ce jakin ma ya fi ka, shi ba ya shiga ruwan da ya fi ƙarfinsa. Sauran ba zan fassara ba, ni mai zuwa sujada ce."

Dattawan gari suka shiga gardama. Wani ya ce abincin ya riga ya huce, cin bai karɓu ba. Wani ya ce ai a gaban kowa ya ci. Wani ya ce rabi teku ce ta ci, sauran kuma ya amayar, to wanne za a ƙirga? Wani ya ce baƙo ma yana iya tsaya wa ɗan gari? Suna cikin wannan, ba wanda ya lura matar ta bar wurin. Sai ga ta da wata tsohuwar tasa, ta dafa ɗan abin da ya rage a gidan, yana tururi. Ta ba mijinta. Ya karɓa, ya miƙa wa manomin.

Manomin ya kai hannu tun tasar ba ta gama isowa ba, har ya ƙone. Masuncin ya yi tsaki, ya zauna kusa da shi, ya riƙa zare masa ƙaya yana ba shi tsoka. Wata tsohuwa ta matso ta gutsiri rogo. Wani saurayi ya bi bayanta. Ba duka suka ci ba. Mutumin nan mai shanyayyen hannu ya tofar da yawu ya yi tafiyarsa, dattawa kuma ba su gama gardamarsu ba har yau. Amma masuncin ya kwana a gidansa, da gari ya waye kuma wata mata ta sayi kifi a hannun matarsa.

Wani zai tambaya, manomin ya dawo gida? Bai dawo ba. Da damina ta kewayo zazzaɓi ya kama shi, kwana kaɗan ya cika. Masuncin ne ya haƙa kabarin, a kan wani ɗan tudu inda ruwa ba ya kaiwa. Ya hana kowa taya shi.

To, ga ma'anar misalin, iyakar inda hankalina ya kai.

Manomin shi ne ni da ku, duk wanda ya tashi zai yi wa wani alheri, ko a hayin teku ko a bayan katangar gidansa. Masuncin shi ne wanda ya faɗi, ya sha hukuncinsa, ya fito yana neman a sake kiransa da sunansa. Kwalekwalen kuwa tsohuwar hanya ce. Ita ba ta da kunya, ba ta jan aji, kullum tana bakin ruwa da wurin zama.

Akushin shi ne abin da matalauci ke da shi na bayarwa. 'Yan'uwa, mun iya kai tsofaffin riguna gidan yari. Mun iya kai hatsi gidan gwauruwa mu tsaya daga bakin ƙofa. Amma in ta ce ga ruwa, sai mu ce a bar wa yara. Muna cewa tausayi ne, wani lokaci kuma tausayin ne da gaske, kamar na manomin. Sai dai wanda kullum ake ba shi, ba a taɓa karɓar nasa ba, a hankali yakan gane cewa ba a ɗauke shi mutum ba, an ɗauke shi rami ne da ake zuba wa abu. Ubangijinmu da ya zo duniya bai tsaya daga bakin ƙofa ba. Ya shiga gidajen waɗanda gari ya ƙi, ya zauna, ya ci tuwonsu, har masu ganin kansu adalai suka yi ta gunaguni. Shi da ya yi koguna ya roƙi mace ruwan sha.

Kunya abu ne mai kyau, iyayenmu ba su yi kuskure da suka koya mana ba. Amma akwai mutumin da ƙarfinsa na tayi ɗaya ne. Ya tattara duk abin da ya rage masa na zuciya ya miƙo. Ba shi da na biyu.

Akwai inda ni ma misalin ya fi ƙarfina. Ban sani ba ko cin abincin ne ya tsai da masuncin, ko kuwa don ya ga wawa zai nutse ne. Na juya shi na juya, ban samu ba. Watakila wurin Allah duk ɗaya ne. Wanda ya je ceto, shi aka tsamo daga ruwa, kuma ta nan ceton ya shigo. Ban kuma san abin da ya sa mai hannun shuka irin wannan zai kwanta a ƙasar da ba a iya faɗin sunansa daidai ba, alhali ga marasa amfani suna ta tsufa. Na tambayi fasto, ya ce wata rana za mu gane. Na ce to. Har yanzu ranar ba ta zo mini ba, kuma ba zan tsaya a gabanku in yi kamar ta zo ba.

Abin da na sani kaɗan ne. A unguwar nan akwai gidan da mai shi ya fito daga gidan yari bai daɗe ba, kun san gidan, ba sai na faɗa ba. Yakan zo sujada ya zauna a bencin baya, ya fita kafin a yi addu'ar rufewa don kada ya ga wanda zai ƙi ba shi hannu. In an tashi yau, ni can zan bi. Ba na ɗauke da kome. Wanda zai zo, ya zo da yunwarsa.